Curin gawayin buntu ya ba ni kunya a murhun Adda, ina na kuskure?

Ɗan Dadin Kowa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin su Injiniya. Wata biyu ke nan ina gwada yin gawayi da buntun shinkafa. Duk wanda ya san wajenmu ya san yadda buntu ke tsibi a bayan injinan casa, har a gaji a cinna masa wuta ya kwana uku yana turnuƙe unguwa. Na samu durom na huhhuda shi, na babbake buntun har ya yi baƙi, na daka, na kwaɓa da sitacin rogo, na cura da guntun bututu, na shanya. A ido kam ba laifi. Makon jiya na kai wa Adda rabin buhu unguwar Jekadafari ta gwada a suyar waina. Jiya ta kira ni ta ce in zo in kwashe kayana. Abin da ya jefa ni wannan hanya wani bidiyo ne na ƙasar Ailan, inda suke kankaro ƙasar fadama su matse ta kamar bulo su riƙa ɗumama ɗaki da ita. Na ce idan ƙasa ma tana cin wuta, buntu ai ba zai gagara ba.

Adda Mai Waina: Wa alaikumus salam. Tunda ka kawo ƙarata zaure bari in faɗi nawa. Da asuba na zuba abin nan a murhu, sai da na ƙarar da leda biyu da ɗan kananzir kafin ya kama. Da ya kama kuma sai fifita, hannu ɗaya a ludayi ɗaya a mafici. Tanda ba ta yi zafi ba, ƙullu ya zauna yana shan mai. Kafin in juya zubi na biyu toka ta cika murhun fal, fara sol kamar an zuba siminti. Mutane na tsaye da kwano, 'yan makaranta na jira. Da na ga abin zai zama tonon silili sai na aiki yaro ya sayo min gawayin icce. Ba ƙin jininka na yi ba ƙanena, kasuwa ce ba ta san ɗan uwa ba.

Mai Shayin Tashar Dukku: Adda kin yi ƙoƙari ma da kika kai zubi na biyu 😂

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan Dadin Kowa, fara cire bidiyon nan daga ranka, don abin da ka gani ba ƙasa ba ce irin ta fadamarmu. Sunansa fit. Tsirrai ne, gansakuka da ciyayi, da suka mutu a cikin ruwan da ba ya gudu kuma ba iska a cikinsa, sai suka kasa ruɓewa gaba ɗaya, suka yi ta taruwa wani kan wani. Kaurinsa yana ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara, ka ga kafin a samu zurfin mita 1 an ci shekara 1,000. Idan ƙasa ta danne shi shekaru miliyoyi, zafi da nauyi suka matse ruwan suka fitar, shi ne ke rikiɗa ya zama kwal. Da fari kwal mai ruwan ƙasa-ƙasa mai taushi, sannan baƙi, daga ƙarshe mai ƙyalli mai tauri wanda kusan duk jikinsa kabon ne, sinadarin da ke cin wuta a gawayi. Wato fit jaririn kwal ne.

Kuma ka lura da abin da bidiyon bai tsaya a kai ba. Ɗanyen fit kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Kamfaninsu na gwamnati, Bord na Móna, wanda aka kafa a 1946, sai ya haƙa magudanai ya tsane fadamar tukuna, sannan injuna su kankare 'yar fatar sama, a yi ta juya garin rana da iska su sha ruwan har ya sauko wajen rabi. A masana'anta a sake busar da shi da zafi har ruwan ya koma wajen kashi 10, sannan a danna shi da injin mai tsananin ƙarfi. Ba sa sa masa sitaci ko kaɗan, matsin ne ke haɗe shi. Duk sana'ar yaƙi da ruwa ce. Kuma su kansu sun bari: a 2021 kamfanin ya sanar ya daina haƙar fit kwata-kwata, masana'antar curinsu ta ƙarshe ta rufe a 2023, saboda fadamar da aka tsane tana sakin kabon ɗin da ta adana shekaru dubbai.

Ɗan Dadin Kowa: Ikon Allah. To Injiniya mu ba mu da shi ke nan?

Injiniya: A Gombe? Da wane ruwan? Rana tana cinye ganye kafin ya kai ƙasa, abin da ta rage gara ta ƙarasa. A Afirka babban wurinsa dajin Kwango ne, a 2017 masu bincike suka fitar da taswirarsa, ya haura murabba'in kilomita 140,000. Ka manta da fit. Matsalarka tana cikin buntun ne.

Malama Mai Kimiyya: Bari in karɓa daga nan Injiniya, don tokar da Adda ta ambata ita ce amsar. Buntun shinkafa ba kamar sauran ɓawo ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, kuma yawancinta sinadarin da ke cikin yashi ne, shi ya sa yake kaushi yana sa ƙaiƙayi. Da ka babbake shi, abin da ya tashi a hayaƙi duk daga ɓangaren da ke cin wuta ne, tokar ba inda ta je. Sai ka wayi gari abin da ka cura ya kusa rabi toka ne. Gawayin icce mai kyau tokarsa ba ta cika wuce kashi 5 ba. Ka ga kai rabin buhun yashi ka kai wa Adda ba ka sani ba. Kuma tokar ba nauyi kawai take ƙarawa ba, lulluɓe garwashin take yi ta hana shi shaƙar iska, shi ya sa sai da fifita.

Adda Mai Waina: Yauwa Malama! Wallahi haka ne, in na karkaɗe sai ka ga ja a ciki, in na bari minti biyu ya sake rufewa.

Ɗan Kumo: Ni fa abin da ke ɗaure min kai daban ne. Muna nan muna wahala da buntu da durom, alhali ga kwal nan a Maiganga, nan ƙaramar hukumar Akko. Tireloli na ɗiba suna kai wa kamfanin siminti na Ashaka. Me zai hana a riƙa sayar wa mata a mudu su yi girki, a bar itatuwan nan su huta? Gwamnatin jihar Gombe na dasa bishiya a shirinta mai suna 3G tun 2019, mu kuma muna sarewa ta baya. Ana ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Baba Na Reluwe: Yaro, ka tambayi wanda ya shaƙi hayaƙin kwal. Mahaifina ɗan wuta ne a jirgin ƙasa, shi ke zuba kwal da shebur a tukunyar injin, ni ma a reluwe na yi ritaya. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. A 1909 aka gano shi a Udi, kusa da Inugu, kuma saboda shi aka ja layin dogo zuwa Fatakwal, aka gama a 1916. A mahaƙar Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a watan Nuwamban 1949. Da jiragen dizal suka shigo sai kasuwar kwal ta faɗi. Lokacin da dogo ya iso Gombe a 1963 zamanin kwal ya riga ya fara karkata. Amma ina tuna rigar Baba. Ko an wanke ta warin nan na farar wuta ba ya fita. Matan bariki kan tsinci wanda ya zube a gefen layi, amma a tsakar gida suke hura shi, sai ya gama hayaƙinsa ya zama jajir sannan a ɗora tukunya. Wadda ta yi gaggawa tuwonta ya tashi da warin kwalta.

Ɗan Kumo: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ai wannan zamanin da ne, yanzu akwai dabaru.

Injiniya: Akwai, amma ba a mudu ba. Na Maiganga kwal ne mai ƙarancin daraja, bai gama nuna ba, yana da danshi da yawa da abubuwan da ke tashi a hayaƙi. Irinsa in ya bushe marmashewa yake, in aka tsiba shi da yawa kuma yana iya kamawa da wuta da kansa. Murhun siminti bai damu ba, niƙe shi ake kamar gari a hura cikin wutar da ta haura digiri 1,400, tokar ma ta shige cikin simintin. Tandar Adda ba haka take ba.

Kafin kwal ya shiga ɗakin girki sai an dafa shi. A zuba shi a rufaffiyar tukunyar ƙarfe inda iska ba ta shiga, a gasa shi wajen digiri 500 zuwa 600. Kwalta da gas su fita ta bututu a tare su, don su ma kuɗi ne. Abin da ya rage a niƙa, a haɗa da farar ƙasa ta kama farar wutar da Baba ke magana, a sa abin ɗauri a cura. Mutanen Sin suna yin nasu mai ramuka kamar saƙar zuma don iska ta ratsa. In aka ƙara wutar ta kai digiri 1,000 sai a samu wanda ake narka tama da shi a masana'antar ƙarfe, amma wannan sai kwal na musamman mai narkewa ya dunƙule, ba kowane ba. Asalin aikin dai ɗaya ne da durom ɗin Ɗan Dadin Kowa: zafi ba tare da iska ba. Bambancin, shi nasa hayaƙin maƙwabta ke sha.

Kuma kada a raina maganar ɗanyen kwal a gida. Akwai wata gunduma a lardin Yunan na Sin, Shuwanwei, da ta yi suna a littattafan likitoci saboda yawan sankarar huhu a matan da ba su taɓa shan taba ba. Da aka bi diddigi, kwal mai hayaƙi ne da suke girki da shi a ɗaki ba bututu.

Hamma Direba: Injiniya tsaya. Ka ce gas da kwalta na fita. Na taɓa ji a rediyo wai Afirka ta Kudu da kwal suke yin fetur. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle? Don in gaskiya ne, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ai da mun haƙa rami a Akko mun huta.

Injiniya: Gaskiya ne Hamma. Jamusawa biyu, Franz Fischer da Hans Tropsch, suka fito da hanyar a 1925. Ba matse kwal ake yi mai ya ɗigo kamar ƙuli-ƙuli ba. Farko a ƙona shi rabi-rabi da tururi da iskar oksijin 'yar kaɗan, ya zama gas iri biyu a gauraye: haidirojin da kabon monoksaid. A wanke gas ɗin tas a cire farar wuta. Sannan a bi da shi ta kan garin ƙarfe ko kobalt a zafin digiri 200 zuwa 350. Ƙarfen nan mai dalilin aure ne, shi ke haɗa su amma ba da shi ake zaman ba. Sai su yi ta ƙulluwa kamar carbi, gajeren carbi ya ba da fetur, matsakaici dizal, dogo kuma kakin kyandir. Akwai hanya ta biyu ta Friedrich Bergius, wadda ake cusa haidirojin kai tsaye cikin niƙaƙƙen kwal da matsi mai tsanani, da ita Jamus ta samu yawancin man jiragen samanta a yaƙin duniya na biyu.

Afirka ta Kudu ta kafa kamfanin Sasol a 1950, ta fara fitar da mai a 1955, daga baya ta gina babbar masana'antar Secunda mai fitar da ganga wajen 150,000 a rana. Amma ka duba su waye suka yi: Jamus da yaƙi ya rufe wa hanyar mai, da gwamnatin wariyar launin fata da duniya ta sa wa takunkumi. Wanda ke da zaɓi bai cika bin wannan hanya ba, don tana cin kuɗi, tana shan ruwa kamar raƙumi, kuma Secunda na cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da hayaƙin kabon a duniya. Mu ma muna da irin injin a Escravos ta jihar Delta tun 2014, sai dai da iskar gas yake aiki ba kwal ba.

Hamma Direba: Shi ke nan, a bar kaza cikin gashinta. Mu jira na rijiyar man Kolmani.

Ɗan Kumo: Wanda aka yi bikin fara haƙarsa tun Nuwamban 2022? To Allah ya ba mu tsawon rai.

Admin: Jama'a a kiyaye, kada mu gangara siyasa. Ɗan Kumo, ko ba komai ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke bisa dokar 2007, ba wanda zai ɗebi kwal ya kasa a kasuwa ba lasisi. A koma kan buntu.

Kawu Mai Gawayi: Tun ɗazu ina karantawa na yi shiru, don na san a ƙarshe mu za a zaga. Shekarata 20 a wannan sana'a. Ku da kuke cewa muna cinye daji, wa ke saye? Duk gidan da gas ya ƙare ba kuɗin cikawa, wurina ake aiko yaro da leda. Mai shayi, mai tsire, mai guga, maƙeri. Maƙeri ma ba ya karɓar kowane sai na ƙirya, don shi ke riƙe wuta har ƙarfe ya yi ja. Da a kusa ake samun ƙirya da marke, yanzu masu kawo mana sai sun yi tafiya mai nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin gawayin. Ni ba na gaba da curi. Ka kawo min wanda mace za ta saya yau ta dawo gobe ta ce a ƙara mata, in sayar maka. Amma na sha ganin masu zuwa da shi a kwali mai hoto, su yi taro a ɗauki hoto, bayan wata uku ba su ba labarinsu.

Malama Mai Kimiyya: Kawu ba zagi, amma akwai gyara a ɓangarenku ma. Yadda ake tsiba icce a rufe da ciyawa da ƙasa a bar shi kwanaki, sau da yawa sai an ƙona kilo 6 zuwa 10 na icce kafin a samu kilo 1 na gawayi. Rufaffen murhu na bulo ko na ƙarfe, wanda ke mayar da hayaƙin ya zama wutar da ke gasa iccen, yana iya ba da kilo 1 daga kilo 3 ko 4. Ko ba a daina sara ba, an rage rabi.

Kawu Mai Gawayi: Malama, wa zai ɗauki murhun bulo a ka ya shiga daji da shi? Inda iccen yake nan ake binne shi.

Malama Mai Kimiyya: Wannan kuma gaskiyarka ce.

Anti Nas: Ku ba ni minti ɗaya tunda sanyi ya kusa. Gas ɗin nan da Injiniya ya ce ana yin fetur da shi, kabon monoksaid, shi ne dai ke fita daga kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Ba shi da wari ba shi da launi. Ciwon kai, jiri, amai, sai barci, daga nan sai dai a fasa ƙofa. Kuma kalmar "mara hayaƙi" da masu curi ke tallata kayansu da ita tana ba ni tsoro, don mutane na ɗauka ba hayaƙi ba illa. A babban birnin Mongoliya an hana ƙona ɗanyen kwal a 2019 aka koma curi, hayaƙin gari ya ragu, amma a hunturun shekarar an yi ta kai mutane asibiti saboda wannan gas, wasu sun rasu. Ɗan Dadin Kowa, in ka fara sayarwa ka rubuta a jikin buhu da Hausa ɓaro-ɓaro: ba a kwana da shi a ɗaki.

Ɗan Dadin Kowa: In sha Allahu Anti. To yanzu in watsar da buntun ke nan? Shi ne fa nake samu kyauta.

Injiniya: Araha ba ta ado. Kada ka watsar, amma ya zama ɗan rakiya, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Nemi ɓawon gyaɗa da totuwar masara, tokarsu kaɗan ce, kuma yanzu kaka ce. Sannan faɗa min, sitacin nan dafa shi ka yi ko a ruwan sanyi ka dama?

Ɗan Dadin Kowa: Ruwan ɗumi na sa.

Injiniya: To ga kuskure na biyu. Sai ka dama shi kamar koko, ya dahu ya yi yauƙi ya daina fari, sannan yake ɗauri. Kilo 1 na sitaci ya ishi kilo 15 zuwa 20 na gari. Ka tankaɗe garin da rariya. Matsin hannu ba ya isa, je wurin mai walda ya haɗa maka ɗan akwati da jak ɗin mota, ka sa ƙarfe a tsakiya don curin ya fito da rami. Shanya kuma ba kwana biyu ba, iskar hunturu tana busar da baya ta bar ciki da danshi, ka fasa ɗaya ka duba kafin ka kwashe. Gwaji mai sauƙi: saki ɗaya daga tsayin ƙirjinka a kan siminti. In ya tarwatse, ba zai kai Gombe a bayan a-kori-kura ba. A durom kuma ka bi launin hayaƙi. Fari ruwa ne ke fita, rawaya mai kauri kwalta ce, in ya koma siriri shuɗi-shuɗi ka toshe ko'ina da laka ka bar shi ya huce da kansa. In ka buɗe da zafi toka za ka tarar.

Kawu Mai Gawayi: In haka ne ka zo rumfata. Diddigar gawayi tana nan tsibi guda a bayan shago, duk buhun da aka sauke sai ya bar gari a ƙasa, ba mai saye sai masu guga jefi-jefi. Wannan ai ba sai ka babbaka ba, an riga an yi maka aikin.

Malama Mai Kimiyya: Wannan ce shawarar da ta fi duka. Sai dai ka tankaɗe yashin da aka sharo da shi, kada mu koma gidan jiya.

Ɗan Dadin Kowa: Kawu nawa za ka bar min buhu?

Kawu Mai Gawayi: Da kyauta na yi niyya, amma tunda Malama ta ce ita ce ta fi duka, sai mun zauna.

Mai Shayin Tashar Dukku: 😂😂 Malama kin tayar da farashi. In an yi sabon a kawo min ni ma in gwada, ni wutar da ke daɗewa nake so ba mai zafi ba, tukunyata daga magariba har sha biyun dare take kan wuta.

Injiniya: Ka ji wata magana kuma. Mai shayi da mai waina ba wuta ɗaya suke nema ba. Wataƙila ma wanda Adda ta kora shi ne daidai da kai, tokar da ke rufe shi ita za ta sa ya jima.

Adda Mai Waina: To ya zo ya ɗauka, yana nan bayan ƙofa ya tare min hanya. Sabon kuma ƙanena kada ka kawo min ranar Juma'a, ranar ciniki ce. Kawo Talata da rana in gwada da ruwan wanka tukuna.

Ɗan Dadin Kowa: Ruwan wanka kuma Adda?

Adda Mai Waina: In ya tafasa shi sai mu yi maganar tanda.